Mun dawo gida, Alhamdulillahi

Salamu alaikum 'yan uwa. Baban yara ya kwana a ɗakinsa jiya bayan kwana 41 a lopital, wato asibiti. Kun san komai tun ranar da moto, wato babur, ta yar da shi wajen gadar Binuwai a Garwa, ba sai na maimaita ba, wlh ko ƙarfin rubutun ma da kyar.

Akwai wata baiwar Allah da nake so ku taya ni yi mata addu'a, Bafulatana ce daga wajen Pitowa, ɗanta take jinya a gadon da ke kusa da namu. Da aka fito da Baban yara daga reyanimasiyo, wato ɗakin masu ciwo mai tsanani, likita ya ce duk awa 2 sai an juya shi kar bayansa ya yi gyambo, kunu kuma sai ta robar hanci da sirinji, kwana 3 ban runtsa ba ga zafin Garwa na watan 4, cikin dare sirinjin ya suɓuce mini na zauna ƙasa ina ta kuka. Ta taso ta ɗauka ta wanke, ta shimfiɗa mini zanenta, ta nuna agogo ta nuna ƙirjinta. Hausarta kaɗan ce, ni kuma Fulatancina na cefane ne. Sai asuba na farka, ashe ita da babban yaronmu sun yi ta juya shi. Nata ɗan bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ta haƙuri, ya haɗa ta da mai taimakonta ranar da babu mataimaki.

'Yan klando, wato masu acaɓa, abokan aikin Baban yara da suka haɗa kuɗin sikana (hoton asibiti), Goggo da ta riƙe mini yara, Malam liman na Hausare, mai farmasin (kantin magani) da ya yi ta ba mu bashi, nasan ba kwa so a faɗa amma na faɗa, Allah ya biya ku. Dangi na Yawunde da Duwala kuma mun gode da saƙon WhatsApp, mun san hanya da nisa.

Masu zuwa dubiya dan Allah ku zo bibbiyu bayan la'asar, hayaniya na sa masa ciwon kai, yanzu abu kaɗan sai faɗa, ba halinsa ba ne ciwon ne. Yana kan maganin farfaɗiya da ba a tsallakewa, ga zuwa wajen kine, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi. In bai gane ku ba kar ku ji haushi, ku faɗa masa sunanku. Yau da safe sau 3 yana tambayata ina motonsa.