Abin da ƙarar birkin motar haibirid ta koya mini

A mota mai amfani da fetur zalla, idan birki ya fara kuka, yawanci fad ne, wato abin da ke matse faifan taya don mota ta tsaya, ya cinye. A haibirid kuwa, wato mota mai haɗa injin fetur da na lantarki, sau tari sai ka kwance taya ka tarar da fad ɗin yana nan da kaurinsa, alhali mai mota ya rantse ƙarar ta hana shi sakat.

Dalili shi ne birki biyu ne a ƙarƙashin ƙafar direba. A mota irin Toyota Prius, in ka taka a hankali, injin lantarkin ne yake komawa janareta, ya rage gudu, ya kuma cika batir. Fad ba ya kama faifai sosai sai mota ta kusa tsayawa, ko an taka da ƙarfi. Shi ya sa kafin in ɗauki sufana nake tambaya: "Maigida, a wane lokaci take yi?" Siririn fito mai raguwa tare da gudu, wannan lantarki ne ke aikinsa. Gurza da sassafe bayan ruwan sama, wadda ke ɓacewa in an taka 'yan lokuta, tsatsa ce ta kwana a faifai. Ga shi injin fetur ɗin kan mutu da kansa a danja, sai kunne ya ji abin da ƙugin inji ke rufewa a wasu motocin.

Gwajin da ya fi yi mini amfani ba ya buƙatar na'ura. A hanyar da ba kowa, ina cikin tafiya kaɗan-kaɗan sai in sa giya a N in taka. A nan janareta ya fita, fad da faifai kaɗai ke aiki. In ƙarar ta ƙaru, matsalar na wajen taya. Abin da na fi tararwa kuwa ba cinyewa ba ce, rashin aiki ne: sandunan kalifa, ƙarfen da ke riƙe fad, sun bushe ba giris, fad na ciki ya side, na waje ko gezau, gefen faifan ya yi jawur da tsatsa.

Sai famfon da ke tara ƙarfin man birki. Buɗe ƙofar direba kawai kan tashe shi, ya yi zuuu na ɗan lokaci ya yi shiru, kuma hakan daidai ne. Amma in yana tashi bayan kowane 'yan daƙiƙu mota na tsaye ba wanda ya taka, to ƙarfin na zurarewa ta ciki. A Prius na 2010 zuwa 2015 kwamfuta kan nuna lambar C1391. Wannan ba ta "bari zuwa ƙarshen wata" ba ce, ko da birkin na kamawa.

Famfon nan ne ma ya sa ba na barin yaro ya kwance kalifa sai ya cire kan ƙaramin batir mai ƙarfin lantarki volt 12, makulli kuma ya yi nesa da motar. In ba haka ba, wani ya buɗe ƙofa, famfo ya tashi, fistin da ke tura fad na iya turowa waje hannun mutum na wurin. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa na babban batir ne, mai aikin birki ba ruwansa da su.