Abin da darasin ƙwayoyin jijiya ya bar mini

Yanzu da na kammala karatun sassan jiki na fara zagayen asibiti, na ga ya dace in rubuta wa ƙannena masu tasowa game da darasin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da laka, domin babu inda na sha wuya kamar nan.

Kun san ƙwayoyin kashi biyu ne, nuron masu ɗaukar saƙo da giliya masu yi musu hidima. Malaminmu yana koyarwa daga wasu takardu da suka yi ja don tsufa, inda aka ce giliya sun ninka nuron sau 10. A jarrabawa na rubuta cewa a shekarar 2009 Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta a Brazil sun narkar da naman ƙwaƙwalwar mutum suka ƙirga abin da ke ciki, suka sami nuron kimanin biliyan 86, sauran ƙwayoyin kuma kimanin biliyan 85, har na ƙara da cewa a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya nuron ne ma suka fi yawa nesa ba kusa ba. Ya soke amsar da jan biro, ya hana ni makin tambayar baki ɗaya. Da na je ofishinsa na rusuna na miƙa masa takardar binciken, ko hannu bai sa ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, ni za ka koya wa? Abin da na faɗa a aji shi ne amsa." Sai da na sake zaman jarrabawar, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin laifina kawai shi ne na karanta abin da ya wuce takardunsa.

A watannin jiran nan ne wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaji ya ja ni a jiki. Ya ɗora yankan jijiya a ƙarƙashin madubin likita, ya nuna mini farin zobe da ke kewaye da kowane akson, wato dogon reshen nuron mai kai saƙo, ya ce rufin akson da ake kira mayelin kitse ne, kuma sinadaran da ake gyara naman da su sun wanke shi, gurbinsa kawai nake kallo. Sannan ya sauya gilashi da wanda aka rina da sinadarin osmiyom, sai ga zoben nan ya fito baƙi ƙirin. Daga nan na gane cewa abin da ido yake gani ya dogara ga rinin da aka sa. Rinin Nissl yana fito da jikin nuron ya bar rassansa a ɓoye, rinin azurfa da Camillo Golgi ya samo a 1873 kuwa yana kama ƙwayoyi ƙalilan, amma ya fito da su har ƙarshen reshe. Da rinin nan Santiago Ramón y Cajal ya nuna cewa kowane nuron mai zaman kansa ne, ya saɓa wa Golgi, kuma duk da haka su biyun aka raba wa kyautar Nobel a 1906.

Sauran darussan gajeru ne. Ku zana abin da kuka gani da hannunku, kada ku haddace gilashi ta tsagewar gefensa. Ku riƙe cewa a cikin giliya masu yin mayelin, ƙwayar oligodendirosait ɗaya tana naɗe akson da yawa a ƙwaƙwalwa da laka, ƙwayar Schwann kuwa gaɓa ɗaya take naɗewa a jijiyoyin jiki. Ku girmama ma'aikatan ɗakin gwaji. Idan kuma kuka faɗa hannun malamin nan, ku ba shi amsar da yake so don ku wuce, amma ku san ainihin adadin, domin na ji har bana takardun nan ake kwafa.