Ƙannena amare, ku saurara kafin ku kira kafinta

Ƙanwata da za a kai ɗaki bayan sallah ce ta turo min hotunan ɗakin girki ta WhatsApp wai Yaya irin wannan kizin ɗin nike so, ina gani gabana ya faɗi don irin shi sak na sa aka yi min lokacin da muka tare gidanmu a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, kuma shekara uku cur ina shan wahalarshi.

Kizin ɗina mita 2 ne da mita 2 da rabi. Na nuna ma kafinta hoto a salula na ce ya zagaye min bango da kabad tun daga ƙasa har sama, ban tsaya na tambayi kaina yaya nike girki ba. Ni fa mai tuƙa tuwon hatsi ce, tun gidanmu a zaune muke tuƙi bisa kujera ƴar tsugunno. To teburin da aka yi min ya kai santimita 95, ga rishon gaz a kai, ga tukunya a saman risho, sai bakinta ya zo min kusan ƙirji, in na kama muciya kafaɗata kamar za ta cire. Santimita 85 zuwa 90 ya isa wajen yanke-yanke, amma wajen da murhu zai zauna ki sa a sauke miki shi ƙasa da haka, ko ki bar kusurwa ɗaya fili wadda za ki zauna ki yi tuƙinki.

Katakon ma bai yi ƙarko ba. Kullum sai na wanke ƙasa, ruwa yana shiga ƙarƙashi, damina biyu ya kumbura ƙofofin suka daina rufuwa, gara kuma ta samu gida. Da na sani da magini na fara kira, ya yi dakalin siminti kamar santimita 10 a ƙasa, ya zuba teburin siminti wanda suke ce ma payas, a manna karo a kai. Shi ba ruwanshi da ruwa ko gara, ki goge da tsumma shi kenan.

Amma abin da har yau in na tuna nike jin tsoro shi ne maganar gaz. Butalina mai kilo 12 cikin kabad na kulle shi don wai kar ya ɓata kyan wuri. Wata asuba na buɗe ƙofa wari ya buge ni, hannuna har ya kai ga makunnin wuta maigida ya riƙe ni, ya shiga a cikin duhu ya rufe butalin ya buɗe taga, muka fitar da yara tsakar gida. Ashe tiyo ne ya tsage ta baya inda ido ba ya kaiwa. Daga baya na fahimci gaz ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwantawa ya taru, tagar sama ba ta fitar da shi da sauri. Don Allah ku bar butali a tsaye inda iska ke ratsawa kuma ido ke ganin tiyon, in da hali a huda bango a ajiye shi waje cikin inuwa da ɗan kejin ƙarfe. Duk sanda kika sauya butali ki shafa kumfar sabulu a mahaɗar, in yana tsiyaya za ki ga kumfa na tasowa. Kar ki taɓa gwadawa da ashana.

Taga kuma ni na ce a yi ƙarama saboda ƙurar hunturu. Na manta da watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, ga wuta ga ƙaurin suya ba hanyar fita. Yanzu na faɗaɗa ta, tana kallon ƙofa, na sa raga, ƙura kam ana sharewa. Firigo ma na fitar da shi zaure don kusa da murhu wahala kawai yake sha.

Sai kayan aure. Na san Inna da gwaggonni sun yi ƙoƙari kuma ba mai son a ce ta ɓoye kayanta, amma kuloli goma sha da samiru ba za su zauna a mita biyu ba, tukwane huɗu nike amfani da su kullum, sauran suna ɗaka sai ranar suna ko baƙi. Mai walda ya yi min sandar ƙarfe a bango da ƴan ƙugiyoyi, ludayi, maburgi, rariya, mara duk a rataye. Turmi da murhun gawayi suna ƙarƙashin rumfa bakin ƙofa, hatsi da shinkafa cikin bokiti mai murfi saboda ɓera.

Ita ƙanwar tawa na ce mata ranar Asabar ta ɗauko babbar tukunyarta da kujerarta mu je gidan, mu zana wurin komi a ƙasa da gawayi, ta zauna ta tashi ta juya mu gani, sannan a kira magini.