Kafin in tsoma buroshi sai na ji labarin motar

Shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Rubutu da zane nake yi a jikin gingimari, kanta, tirela, Keke Napep, har babur. Duk wanda ya kawo mini abin hawa, kafin maganar kuɗi sai na tambaye shi yadda aka yi ya zo hannunsa, domin a cikin amsar sunan da zan rubuta a jikinsa yake.

Wani mai ɗauko shanu daga Mai'aduwa shekara takwas ya yi yana yaron mota kafin ya samu tasa. "Mahaƙurci" na rubuta masa a goshinta. Wani yaro kuma mahaifiyarsa ce ta sayar da tumakinta ta cika masa kuɗin Keke, ya ce a sa "Addu'ar Inna". Akwai wanda ya zo yana huci, dangi sun ce ba zai iya biyan bashin motar ba. Shi "Hassada Taki" ya zaɓa, a baya, da manyan baƙaƙe, don mai bin sa ya karanta ko ba ya so.

Masu cewa wannan ƙauyanci ne su leƙa tarihi. Takobin Sarki Korau da ke fadar Katsina suna gare shi, Gajere. A makaranta mun ji taguwar Manzon Allah (SAW) Ƙaswa'u da alfadarinsa Duldul. Abin da ke ciyar da kai, in ya lalace ku kwana tare a daji, ai ya wuce a ce masa ƙarfe. Ko wanda ba a rubuta ba jama'a na raɗa masa: a-kori-kura, kiya-kiya, roba-roba. Ita kanta Keke Napep sunan shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo, na 2001, ta gada. Kanawa kuwa Adaidaita Sahu suke ce mata.

Daga makarantar allo hannuna ya fara faɗawa, amma maigidana, Allah ya jiƙansa, bai yarda da wannan ba. Wata tsohuwar ƙofar Fijo ya ba ni, in rubuta da alli, ya goge, in sake. Shekara guda ina wankin buroshi da goga samfefa kafin ya bar ni na taɓa motar mutane. A wurinsa na koyi buga zare don layi ya miƙe, da sirka fenti da tina har ya riƙa bin buroshi ba ya zuba, da yi wa baƙi inuwa ya fito kamar an sassaƙa shi. "Kai yaro," yakan ce, "jikin mota ba takarda ba ne, lanƙwasa gare shi."

Yanzu 'yan sitika sun cika gari. A buga a kwamfuta, a manna, a karɓi kuɗi. Zafin bazarar Katsina ɗaya ya ishe ta, gefe ya ɗaye, ja ya koma fari. Kuma sitika ɗaya ce a jikin Keke hamsin, ina sunan yake a nan? Duk da haka mutum zai tsaya yana taya aikina da kuɗinta.

Makon jiya wani dattijo ya dawo da motar da na rubuta wa tun ina sabon buɗe shago. An sake mata inji, an sake katako. Na ce, "Baba, a canza suna ne?" Ya harare ni, ya ce, "Kai hwa, in ɗiyarka ta tsufa sai ka sake mata suna?" Na ɗauko zare da alli, na bi sawun tsohon rubutun.