Wasiƙa Daga Wuhan: Watanni Uku na Rufe Rumbu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida.

Ya sanyi, ya hazo? Na san yanzu hunturu ya kankama a can, kaushi da faso sun fara aikinsu, an ciro man kaɗanya daga ƙasan akwati. Mu ma nan Wuhan muna cikin namu, sai dai na nan jiƙaƙƙe ne. Birnin yana bakin kogin Yangtze, danshi ke ratsa tufafi har ya kai ƙashi. Tun shekarun 1950 aka ja layi daga tsaunukan Qinling zuwa kogin Huai, biranen da ke arewa da shi ake tura wa ɗumi ta bututu har cikin gidaje, kamar Beijing, daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris. Wuhan tana kudu da layin. A tsofaffin gidaje irin namu, da rigar sanyi ake zama a ɗaki.

Hunturuna na farko a nan na sha jinya. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙugu na ciwo, kullum jiki a mace. Na je asibiti, na sha magani, na ji sauƙi, bayan mako biyu ya dawo. Akwai wata tsohuwa da ƙofarmu ke kallon juna, Ayi nake kiranta, kamar a ce Goggo. Wata safiya ta tare ni a matattakala ta ce, "Yaro, ƙarfe biyun dare ina ganin fitilarka. Abin da ake ajiyewa a wannan lokaci, shi kake kashewa." Da yamma sai ga ta da wani littafi da ya sha hannu, ta buɗe min babi na biyu.

Sunansa Huangdi Neijing, an harhaɗa shi sama da shekara 2,000 da suka wuce. Shi ne tushen likitancin gargajiyar Sin, kuma mabiya Dao, wani tsohon addinin Sin, sun sa shi cikin littattafansu. Ya ce watanni ukun sanyi lokaci ne na rufewa da adanawa. Ruwa ya daskare, ƙasa ta tsage, to kada mutum ya tayar da ɗumin da ya kwanta a jikinsa. A kwanta da wuri, kada a fita sai rana ta fito. A guji sanyi, a nemi ɗumi, amma ban da ɗumin da zai sa gumi ya tsiyaye. Har zuciya ya taɓo: a riƙe buri a ɓoye, kamar mai wani sirri, kamar wanda ya riga ya samu abin da yake nema. Wanda ya saɓa, in ji littafin, ƙodarsa zai cutar, kuma idan sabuwar shekara ta shigo ba zai sami ƙarfin tohowa ba.

Ina karantawa sai rumbun kakana ya faɗo min a rai. Idan kaka ta wuce aka zuba hatsi, sai a ɗora murfi a liƙe, ba mai buɗewa don marmari. Manomin da ya cinye irinsa da rani, ranar shuka ido zai raina fata. Haka suka ɗauki jikin mutum. A lissafinsu kowane yanayi yana da abokan tafiya, na sanyi kuwa su ne ruwa, arewa, launin baƙi, ɗanɗanon gishiri, tsoro, da ƙoda. Amma fa ƙodar da suke nufi ta fi wadda likita ke gani a hoto faɗi. Ma'ajiyar ƙarfin da aka haifi mutum da shi ce, ita ke riƙe da ƙashi da ji da haihuwa. Shi ya sa Ayi ba ta yarda ta ga ƙugu ko tafin ƙafa a buɗe ba.

Daga wannan lissafi abincin ya fito. Da an shiga Lidong, farkon sanyi, 7 ko 8 ga Nuwamba, tukunyarta ke sauyawa. Baƙin riɗi, baƙin wake, baƙar shinkafa, duk a dama su kunu mai kauri, a jefa jajayen 'ya'yan itace da suke kira hongzao. Ran da na fara tauna ɗaya sai na ji gida, ashe 'yar'uwar magaryarmu ce, ta dai fi ta girma da tsoka. Ruwan sanyi kuwa haram ne a ɗakinta, kowa da fulas ɗinsa na ruwan zafi.

Ranar Dongzhi, wato 21 ko 22 ga Disamba, daren da ya fi kowane tsawo, ta dafa min farfesun rago. Da kanta ta je wurin mahautan Hui, Musulmin Sin, ta sayo naman, ta kuma nuna min sabuwar tukunyar da ta saya don kada in yi shakka. Ɗanyar citta ta yanka fala-fala, ta sa wata saiwa mai suna danggui mai ƙamshi da ɗan ɗaci, ta bar shi a ƙaramar wuta wajen awa biyu har romon ya yi fari. Wannan haɗin yana cikin littafin likita Zhang Zhongjing, wanda ya rasu wajajen shekara ta 219. Ana ba da labarin cewa shi ne ya ga talakawan Nanyang sanyi ya cinye musu kunnuwa, ya naɗe naman rago da kayan yaji cikin ƙullin fulawa mai siffar kunne, ya dafa ya raba musu. Har gobe mutanen arewacin Sin irin wannan ƙulli suke ci a ranar. Daga nan ake fara ƙirga kwana tara-tara har sau tara, kwana 81, a tara ta uku ce aka fi jin jiki.

A wannan tsakanin na hau jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Wudang, cibiyar mabiya Dao da ke arewa maso yammacin lardinmu na Hubei. Bautarsu tasu ce, ni da addinina, kallo da koyo suka kai ni. Na zaci zan ga ana tsalle-tsalle. Abin da na gani da hantsi shi ne wani dattijo a jikin bango inda rana ke bugawa, ya murza tafukansa har suka yi zafi, ya ɗora a ƙugu, ya shafa sama da ƙasa a hankali. Sannan ya sunkuya ya kamo yatsun ƙafa, motsi na shida cikin takwas na Baduanjin, wani tsohon salon motsa jikinsu, wanda suke cewa na ƙoda ne da ƙugu. Da goshinsa ya fara naso sai ya tsaya, ya ja rigarsa, ya zauna.

Akwai inda raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Kula da jiki a hunturu ya zama babbar kasuwa a nan, kuma cikin mafi tsadar kayanta akwai ejiao, wani danƙo da ake dafawa daga fatar jaki, cibiyarsa Dong'e a lardin Shandong. Na ɗauki kwalinsa a kanti, jajir da rubutun zinari, sai na tuna jakan kasuwannin ƙauyenmu da suka yi ƙaranci, da mai ɗebo ruwan da kuɗin jaki ya gagare shi. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Na mayar da kwalin. Sun Simiao, likitan Dao da ya rasu a 682, wanda suke wa laƙabi da Sarkin Magani, cewa ya yi a fara da abinci, sai ya gaza a koma ga magani. Ina roƙonku kuma, duk wanda ya kawo muku ƙullin saiwa ya ce daga Sin yake, na wanke ƙoda ne, kada ku sha ba da sanin likita ba. A farkon shekarun 1990 wani tsiron Sin da aka sa a maganin rage ƙiba ya kashe ƙodar mata da dama a Beljiyam. Mai hawan jini ma kada ya ji an ce gishiri ya ƙara hannu.

Abin da na ɗauka bai ci min ko kwabo ba. Da na yi Isha'i nake jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da 'yar citta, in murza tsakiyar tafin, inda suke kira Yongquan, maɓuɓɓuga, in kashe waya in kwanta. Asuba ba ta jiran rana, don haka nakan tashi in yi alwala da ruwan ɗumi, in yi salla, amma ba na fita sai gari ya waye sosai. Hunturu biyu ke nan tarin bai dawo ba, alhamdu lillahi.

Hunturunku busasshe ne, ba duk na nan zai dace da can ba, kuma kuna da kunun kanwa da shayin citta da kanumfari. Tsofaffinmu dai nake tunawa, masu fita masallaci da asuba cikin riga ɗaya da silifa. A nema musu safa da mayafi. Mai kwana da kaskon garwashi kuma ya fitar da shi kafin barci, hayaƙinsa na kisa a rufaffen ɗaki.

A gaida kowa da kowa. Ayi ma ta ce in gaishe ku, tana kuma tambaya ko mai zuwa zai taho mata da magaryar tamu ta ɗanɗana.

Ɗan'uwanku,
daga Wuhan, ƙasar Sin.