Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar ƙanena

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Alhamdulillahi, ƙanena ya koma raga. Ranar Asabar da ta wuce shi ya tsare wa kulob ɗin unguwarmu gida a wasan sada zumunta, aka tashi lafiya, ya tako da ƙafarsa har gida. Masu kirana tun lokacin sanyi suna tambayar ya mai jiki, to ga amsarku. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na zo nan in yi godiya a bainar jama'a, da yawuna, da na Hajiyarmu, da na shi yaron. Ba zan kama suna ba, don waɗanda suka fi yi mana ɗawainiya su ne suka roƙe ni kada in ambace su. Allah Ya san su.

Ga wanda bai ji yadda abin ya faru ba, a tsakiyar hunturu ne, fili ya bushe ƙayau. Aka bugo kwana, ya tashi sama ya cafe, ɗan gaban abokan karawa ya shiga ƙarƙashinsa, sai ya juya a iska ya faɗo a kan kwankwaso. Yaron nan da ya yi karo da shi, wallahi ba da gangan ya yi ba, kuma tun daga ranar bai daina zuwa gidanmu dubiya ba, wani lokaci da ledar lemo, wani lokaci hannu rabbana, ya zauna su yi ta hira. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, babu wanda ya riƙe ka a rai a gidanmu.

Koci, kai ne farkon wanda zan gode wa. Ka hana yara su ɗago shi hannu da ƙafa kamar yadda aka saba. Ka durƙusa ka ce ya motsa yatsun ƙafarsa, ka tsungule shi a ƙwauri ka tambaye shi ko ya ji, sannan ka sa aka ɗauko dogon bencin 'yan kallo aka ɗora shi a miƙe. Daga baya likitoci sun ce mana abin da ya dace ke nan da duk wanda ya bugu a gadon baya, don idan akwai karaya, ɗagawar ganganci ce take taɓa laka.

Daga fili wurin Baba mai ɗori aka fara kai shi, mu mutanen Kano mun san hanyar. Dattijon nan ya shekara da shekaru yana gyara targaɗe da gocewar ƙashi a unguwarmu, ni kaina ya taɓa kama mini wuyan hannu ina yaro. Ya shafa bayan yaron a hankali, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, hannu da ƙafa nake ɗorawa. Gadon baya ba na taɓa shi a makance. Ku kai shi Dala a yi hoto." Na miƙa masa abin goro ya ƙi karɓa. Baba, da ka ce a kwantar da shi ka danna, babu mai musa maka a cikinmu. Allah Ya ƙara girma da nisan kwana.

A Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake yi wa Arewa hidima tun 1959, aka yi hoto, likita ya ce babu karaya, tsoka ce da gaɓoɓin ƙasan baya suka bugu. Ya rubuta magani, ya ce kada yaron ya wuni a kwance, ya riƙa ɗan takawa gwargwadon iko, sannan ya tura mu sashen gashin ƙashi. Likitoci da ma'aikatan jinya, har da masu ba da kati, mun gode da haƙurin da kuke yi da cunkoson jama'a.

Makonnin da suka biyo baya su ne suka fi mana nauyi. Zafin farko ya ragu, amma bayan ya sandare. Yaron da yake tashi sama ya taɓa sandar raga, sai ga shi ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura igiyar takalmi, salla a kan kujera yake yi. Hajiya ita ta sha wannan wahala, ita ce ruwan zafi da tawul da asuba, ita ce rarrashi da daddare idan ya fara cewa ƙwallonsa ta ƙare. Hajiya, ba mu da abin biyanki sai addu'a.

A tsakanin nan ne wasu abokai suka fara raɗa masa cewa ya sha tiramadol ya koma fili, wai kowa haka yake yi. Ya je kemis ɗin bakin layinmu, mai kemis ya ce ba zai sayar masa ba sai da takardar likita, kuma da na dawo daga kasuwa ya tare ni ya gaya mini. Malam, ka yi mana abin da ɗan'uwa na jini zai yi. Duk wanda yake zaune a garin nan ya san abin da ƙwayar nan ta yi wa samari. Ga masu burin buga ƙwallo a waje kuma, ku sani hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun ranar 1 ga Janairun 2024.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi da take duba shi, Allah Ya saka mata, ita ta ce tsokar ta saki amma gaɓoɓin ƙasan bayan ba sa motsi yadda ya kamata, kuma ta san wani likitan kairofaraktik da yake zuwa Kano lokaci-lokaci, tana ganin aikinsa zai taimaka a kan nata. Masu wannan sana'a ba su da yawa a ƙasar nan. Gyaran gaɓoɓin gadon baya ne da hannu, wanda wani mutum mai suna Daniel David Palmer ya fara a garin Davenport na Amurka a 1895. A Najeriya hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar 1988, ita take yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi. Kafin in buɗe baki in tambaya, mutumin nan ya ɗauko takardar rajistarsa ya ajiye mini a kan tebur, ya ce duk wanda zai taɓa bayan ɗan'uwanka, ka fara neman wannan.

Likita, godiyarka ita ce mai tsawo, kuma ba a kan dannawar za ta fara ba. A zuwanmu na farko ko kusa ba ka danna shi ba. Ka zaunar da yaron ka yi ta tambaya: zafin yana harbawa ƙafa? Tsakanin cinyoyinsa yana sagewa? Fitsari ko bahaya ya taɓa kufce masa? Yana zazzaɓin dare, ko rama, ko tari mai daɗewa? Akwai sikila a gidanku? Ka ce mana tarin fuka yakan ci ƙashin baya, sikila tana raunana ƙashi, kuma wanda fitsari yake kufce masa bayan ciwon baya asibiti za a ruga da shi a ranar, ba wurinka ba. Ka kwantar da shi rigingine ka ɗaga ƙafarsa a miƙe sannu sannu, ka ƙwanƙwasa gwiwa da agara da 'yar gudumar roba, ka sa shi ya taka da dunduniya, ya dawo da kan yatsu. Sannan ka sa ya tsaya da ƙafa ɗaya ya banƙare baya, a nan ya ɗan yamutsa fuska.

Daga nan ka ɗauko kwatancen ƙashin baya na roba ka nuna mana: ƙasusuwa 24 masu motsi, 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙasan baya, kusan kowane biyu da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Ka ɗora yatsa a kan na biyar na ƙasa, ka ce samari 'yan wasa masu yawan banƙarewa sukan samu 'yar tsaga a nan, kuma hoto na gama-gari ba kullum yake nuna ta ba. Ka ce sai an yi MRI, hoton nan mai nuna cikin jiki dalla-dalla, an tabbatar, in ba haka ba hannunka ba zai hau bayansa ba. Ka sallame mu ba ka karɓi ko sisi ba. Na san kuɗin mota kawai da ka kashe ka zo Kano ya isa ya sa wani ya ce a kwanta a fara. Wannan rana ita ta sa na amince da kai.

Kuɗin MRI ba wasa ba ne, kowa ya sani. 'Yan kulob suka yi karo-karo, yaran da wasunsu gyaran waya suke yi, wasu tuƙin Adaidaita Sahu, kowa ya kawo abin da ya samu aka ƙulle a leda. Maƙwabtana na layinmu a Kantin Kwari suka cike ragowar ba tare da na roƙa ba. Allah Ya mayar muku da ninkin ba ninkin, Ya sa albarka a kasuwa. Hoto ya fito, babu tsaga, faifan ma bai danne jijiya ba.

Sai a komawarmu aka fara aiki, ina tsaye ina kallo. Likita ya kwantar da yaron a kan gefensa, ya naɗe ƙafar sama, ya sa shi ya rungume hannuwansa a ƙirji. Ya ɗora hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a kwankwaso, ya murɗa jikin a hankali har ya kai inda ya tsaya. Ya ce, "Ja numfashi. Sake shi." Yana sakin numfashin ya ba shi wata gajeriyar dannawa mai sauri, sai ji na yi ƙas! Na yi salati da ƙarfi. Yaron kuwa dariya ya yi, ya ce, "Yaya, ban ji zafi ba." Likita ya ce in kwantar da hankalina, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, don dama bai goce ba. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin ƙarar da yatsu suke yi idan an ja su, kuma ƙarar ba ita ce maganin ba. Ya gargaɗe mu cewa washegari wurin zai iya yin tsami, haka kuwa aka yi, ya wuce.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai taɓa kambama aikinsa ba. Ya ce dannawar tana sassauta ciwo ta saki gaɓa na ɗan lokaci, amma abin da zai riƙe bayan motsa jiki ne, kuma ko a Ingila hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ce a 2016 a yi gyaran hannu ga ciwon baya ne kawai idan an haɗa shi da motsa jiki. Ya ce ba ya maganin ciwon suga ko hawan jini, duk wanda ya ce yana yi da danna baya a guje shi. Shi da mai gashin ƙashi suka yi waya suka tsara wa yaron atisaye guda, ba kowa da nasa ba: ya durƙusa da gwiwa da tafin hannu ya miƙe hannun dama da ƙafar hagu, ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu sama, ya dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa ya riƙe jikinsa a miƙe. Kullum bayan asuba a kan tabarma a tsakar gida, Hajiya tana lazimi tana ƙirga masa.

Wata rana yaron ya ce a ɗan murɗa masa wuya ma, irin yadda yake gani a bidiyon TikTok. Likita ya ƙi. Ya ce lafiyar wuyanka ƙalau, kuma akwai jijiyoyin jini da suke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, murɗawa tana iya yi musu lahani, ko da ba kasafai ba. Na kawo wannan ne saboda samarinmu da suke yi wa juna a majalisa, da wasu masu aski da suke ƙarasa aski da murɗa wuyan mutum. Don Allah a bari.

Komawa fili ma ba a rana ɗaya aka yi ba, kuma a nan Koci ya sake nuna dattako. Gasa ta taso, gola na biyu bai kai ƙanena ba, 'yan kallo suna ta matsa masa ya saka shi, ya toshe kunne. Tafiya aka fara, sai sassarfa, sai kamun ƙwallo a tsaye, sai faɗuwa a kan yashi, sai da likita da mai gashin ƙashi suka ce to, sannan ya ba shi safar hannu. Kulob ɗin ya fita daga gasar tun zagayen farko, ban taɓa jin Koci ya yi ƙorafi ba. Yanzu kuma ya shigo da ɗumama jikin nan na FIFA 11+, na kimanin minti 20, wanda aka tsara don rage rauni, kuma babu yaron da yake taɓa ƙwallo sai ya yi shi.

Ina da roƙo guda ga masu shirya kofunan unguwa da masu hannu da shuni da suke sa musu kuɗi. Garin nan na ƙwallo ne. Kano Pillars ta ci gasar Firimiyar Najeriya a 2008, ta sake ci a 2012 da 2013 da 2014 a jere, kuma yaran da suke mafarkin sa rigar Sai Masu Gida a filin Sani Abacha daga filayen ƙura irin namu suke tasowa. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, asibitin 'yan wasa har da likitocin kairofaraktik a ciki, suna aiki tare da likitocin ƙashi da masu gashi. Mu ba wannan muke nema ba. A cikin kuɗin kofi da riguna da kiɗa, a ware na mutum ɗaya da ya san taimakon farko ya zauna a bakin fili, da gadon ɗaukar wanda ya ji ciwo, da kula mai ƙanƙara. Jami'ar Bayero tana yaye masu gashin ƙashi, ba za a rasa wanda zai zo ba idan an nema. Ranar da ƙanena ya faɗi benci ne ya yi mana gado, kuma ba kowane fili ne yake da koci irin namu ba.

Limaminmu da jama'ar masallaci da suka riƙa sa shi a addu'a, 'yan'uwa na Fagge da Gwammaja da suka yi ta zirga-zirga, mai Adaidaitar da ya kai mu Dala ya jira mu har dare ya ce a bar kuɗin, da ku da kuka aiko saƙo daga nesa, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan iyayenmu, Ya raba ku da ciwo.

Akwai ɗan bayan kulob ɗin da jijiyar gwiwarsa ta tsinke tun kafin ciwon ƙanena, har yanzu yana gida yana jiran a haɗa kuɗin aiki, kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a ledar nan. Ku sa shi a addu'a, wanda kuma Allah Ya hore wa ya nemi Koci. Wassalamu alaikum.