Ni aka fara koyarwa kafin shi

Ɗana yana wata huɗu na fara jin wani abu a jikina. In na tsaya a gabansa ina masa wasa ba ya bin fuskata da ido, sai na yi magana sannan ya yi tsit, ni kuma na ɗauka ko bai damu da ni ba ne, ashe sauraro yake yi bawan Allah. Kowa sai ya ce ki bari zai ware, yara haka suke. Da muka je wajen likitan ido aka gama gwaje-gwaje aka ce jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa ce ba ta gama girma ba, babu aikin da za a yi, tabarau ma ba zai yi amfani ba. Likitan ya yi ƙoƙari gaskiya, amma bayaninsa a kan idon ya tsaya, ni kuma tambayata ita ce in na koma gida da yaron nan me zan yi masa gobe da safe.

Kafin in ci gaba, don Allah duk wadda ta ga wani abu a idon jaririnta kar ta zauna jira. Namu babu magani amma da yawa akwai. Yanar ido da ake haihuwar jariri da ita ana cirewa, kuma gara a yi tun yana makonnin farko don ƙwaƙwalwa ta koyi gani. In kin ɗauki hoto kin ga tsakiyar idon ya yi fari maimakon baƙi ko ja, ki kai shi asibiti da gaggawa, wani lokacin alamar kansar ido ce. Bakwaini a duba musu bayan ido, a yi rigakafin ƙyanda, a kula da bitamin A.

Abin da ya canza mana rayuwa wata malama ce mai koyar da yara masu larurar gani, tana zuwa gida. Ranar farko na shirya yaro tsaf ina jiran ta fara aiki a kansa, sai ta zauna tana kallona ni. Na zo na sure shi daga shimfiɗa kamar yadda na saba, ya zabura ya fashe da kuka, sai ta ce "Ƴar'uwa, ke kin san za ki ɗauke shi, shi fa bai sani ba. Ki kira sunansa, ki taɓa shi tukuna." Wallahi wata nawa ina cewa yaron nan rigima gare shi, ashe ni ke firgita shi sau ashirin a rana.

Ita ta hana ni kama hannunsa ina cusa masa abu. Ta ce ki sa hannunki a ƙarƙashin nasa, ke ki taɓa abin shi ya biyo ki, in ya so ya zame ya taɓa da kansa in bai so ba ya janye, domin hannun nan su ne idanunsa, in ana fizgarsu kullum sai ya tsani taɓa komai, kuma da yatsun nan zai yi karatu wata rana. Ta kwantar min da hankali kan cewa jaririn da ba ya gani yakan daɗe kafin ya fara miƙa hannu wajen abin da ya ji ƙararsa, rarrafe da tafiya ma sukan ɗan makara. Ƙofa kuma ko a buɗe ta gaba ɗaya ko a rufe, rabi-rabin nan ita ke fasa goshi. In an matsar da kujera a gaya masa.

Maganar sanda kam sai da muka yi rigima da babansa, shi gani yake in an ba yaro ɗan shekara 3 farar sanda kamar an tallata shi ne a duniya, ni ma can cikin raina haka nake ji ban dai faɗa ba. Mai koyar da tafiya da sanin hanya ya ce mu gwada wata ɗaya. Yaron da ba ya taku biyar sai da hannun wani, sai ga shi yana buga sandar a bango yana dariya don ƙarar bango daban, ta ƙofa daban.

Yanzu yana shekara 7 yana karatun rubutun makafi. Ɗigo 6 ne kacal, biyu a kwance uku a tsaye, da su ake haɗa alamomi 63. Na sha ba shi labarin Louis Braille, wanda aka haifa a Faransa a 1809, ya ji ciwo a ido yana ɗan shekara 3 a shagon babansa mai aikin fata, ya kuma tsara rubutun nan yana ɗan shekara 15. Duk lokacin sai ya ce "Umma, yaro ne fa?" Ni ma na koya, da ido nake karantawa, kuma in za ka rubuta a ɗan allon hudawa daga dama kake farawa zuwa hagu don sai an juya takardar ake shafa ɗigon, wannan ya ba ni wuya sosai.

Wasu na ce min me zai yi da wannan wahalar tunda waya na karanta komai, akwai TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, NVDA kyauta a kwamfuta. Muna amfani da su kuma ina godiya, amma ni ban yarda sauraro ya isa ba, yaron da bai taɓa shafa kalma ba ta ina zai san yadda ake rubuta ta. Matsalar dai littattafai ce, duk da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da ta ba da damar mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ba sai an nemi izinin mai shi ba, har yanzu sai zango ya yi nisa nasa littafin ke zuwa, kuma wannan yana ci min rai.

Wani abin da ban taɓa lura da shi ba sai da muka fara zama da wasu iyaye irinmu, wata uwa ta tambaye ni yayarsa fa, yaushe take wasanta. Na yi shiru. Yarinya ƴar shekara 9 na mayar da ita ƴar jagora ban sani ba, ko ina "riƙe ƙaninki". Daga ranar na rage, ita ma aka fara tambayarta ya makaranta.

Jiya da daddare na ji motsi na taso, sai na same shi ya fito ɗaki shi kaɗai yana bin bango da bayan yatsunsa, ya je ya ɗauki kofinsa a inda muke ajiye masa, ya zuba ruwa ya sa yatsa a bakin kofin don ya san in ya cika. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi magana ba. Ya sha, ya ajiye, sannan ya juyo daidai inda nake ya ce "Umma na ji numfashinki fa, ki je ki kwanta."